Ƙullin Sista Saura-Me

Ranar Talata aka wuni ana ruwa, Laraba ma da shi aka tashi. Ba irin ruwan nan mai iska da tsawa ba, yayyafi ne mai naci, ba ya ƙaruwa kuma ba ya ɗaukewa. Zannuwan gadon da na shanya tun jiya suna nan jagab a kan igiya, sai ɗiga suke yi. Laraba ita ce ranar hutuna, kowa a gidanmu ya san haka. Amma ba a kwantar da marar lafiya a kan katifa tsirara, don haka na ɗauki lema na fito. Na ɗaura igiya a barandar baya inda ruwa ba ya kaiwa, na hura gawayin dutsen guga, na shiga busar da zannuwan ɗaya bayan ɗaya. Da ba a yi ruwan nan ba, da ina gida a ranar.

Shekara ashirin da biyu na yi ina wanki a wannan ƙaramin asibiti. Gado takwas ne, da ɗakin allura, da ɗakin awon masu ciki, sai wani ɗan ɗaki a gefe da ake keɓe mutum in ta kama. Likita yana zuwa Litinin da Laraba. Sauran ranaku ma'aikatan jinya ke riƙe da wurin, kuma babbarsu ita ce wadda nake son in ba da labarinta.

Gajeriyar mace ce, kakkaura, tana ɗan jan ƙafar hagu in ta gaji. Ba ta da yawan fara'a. Kullum akwai ƙaramar tocila a aljihun rigarta, ko da rana tsaka. Ba wanda ke kiran sunanta na gaskiya, Sista Saura-Me ake ce mata. Dalili kuwa, in marar lafiya ya gama zayyana abin da ke damunsa, ta rubuta, sai ta ajiye biro ta ɗago kai ta ce, "Saura me?" Daga nan sai ta yi shiru. Tana iya yin shirun nan har mutum ya fara kallon takalminsa. Sau da yawa a cikin shirun ne abin da ya kawo shi da gaske yake fitowa.

Mai gadinmu ya taɓa cewa da ita, "Sista, ke ko gaishe ki aka yi, mutum sai ya ji kamar ya ɓoye wani abu."

Ta ce, "To ai ka ɓoye. Wa ya sha shayin da na bari a kan taga?"

Wata rana tana wanke hannu a famfon da nake ɗiban ruwa, na tambaye ta inda ta samo wannan hali. Ta ce a shekararta ta farko da fara aiki an kawo mata wata mata da zazzaɓi. Ta gwada, zazzaɓin cizon sauro ne, ta ba ta magani ta sallame ta. Ashe matar tana da wani miki a inda take jin nauyin nunawa. Bayan kwana tara aka dawo da ita a ɗauke. Ta ce, "Abin da na gani daidai ne, Baba. Na daina dubawa ne da wuri." Ba ta gaya min ko matar ta tashi ba, ni ma ban tambaya ba.

Da ƙyandar biri ta fara yawo, aka kawo mana wata babbar takarda aka manna a bangon shiga. Hoton wani ne da ƙuraje sun rufe shi tun daga goshi har tafin ƙafa. Duk muka haddace hoton nan. In an ce ƙyandar biri, shi muke gani. Ita kuwa Sista sai ta sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. A kowane shafi ta zana mutum, gaba da baya, zane irin na wanda bai iya zane ba. Duk wanda gwaji ya tabbatar yana da cutar, sai ta ɗiga alama a inda ƙurajensa suka fito. Babu suna, babu unguwa.

Wata safiya ta tara mu duka, har da ni da mai shara da mai gadi, ta buɗe littafin.

"Wannan a cikin baki kawai suka fito masa, ya zo yana cewa maƙogwaro ke ciwo. Wannan ƙwaya ɗaya tak, a yatsa. Wannan ba ko ɗaya a inda ido ke gani, sai dai ba ya iya zama, kwana goma yana shan maganin basir. Wannan zazzaɓi ya fara yi. Wannan ƙurjin ya riga zazzaɓin. Wannan kuwa bai yi zazzaɓi ba sam. A cikinsu wa ya yi kama da na bango?"

Mai shara ta ce, "Ko ɗaya."

"Akwai masu kama da shi, amma ba su ne suka fi zuwa nan ba."

A gefen wasu shafukan akwai zagaye da jan biro. Ta ce waɗannan su ne aka samu da wata cutar ta biyu irin wadda ake ɗauka wurin saduwa, wani tunjere, wani ciwon sanyi, wani ƙanjamau. Akwai ɗaya da ke da ƙanjamau bai sani ba, nasa ƙurajen suka yi faɗi suka ƙi warkewa, sai da aka tura shi babban asibiti. Ta ce, "Don an samu mutum da wannan, ba shi ke nuna ba shi da wancan ba. Sau da yawa hanya ɗaya suke bi su shigo." Na kalli jan biron nan, na ga ya fi yadda na zata yawa.

Ni kuma nawa darasin daban ne. Ta ce duk zanin da ya zo min da ƙulli a kusurwa, kada in kakkaɓe shi, in sa safar hannu da takunkumi, in jiƙa shi da ruwan zafi da sabulu a bahonsa shi kaɗai. Na ce me zai hana a rubuta a takarda a liƙa? Ta ce takarda kowa yana karanta ta, kafin zanin ya bushe an gama sanin wanda ya kwanta a kai. Ƙulli kuwa ni da ita ne. Sai dai hannun mai wanki ya saba da kakkaɓa. Sau ɗaya ta kama ni na ɗaga zani mai ƙulli zan buga shi a iska, ta daka min tsawa daga taga, "Baba! Ko hannun naka zan ƙulle shi ma?" Ban ƙara ba.

To ranar Larabar nan, wajen ƙarfe goma sha biyu, mai shara ta ajiye min dunƙulen zani daga ɗakin gefe, da ƙulli a kusurwa. Na sa safar hannu na kwance shi a hankali. A ciki akwai riga jiƙaƙƙiya, shuɗiya mai ratsin fari. Na juya wuyanta, sai ga ɗan tabon ƙuna a ƙarƙashi, siffar hancin dutsen guga. Ni na yi wannan tabo. Tun da cikin 'yata Auta ya yi nauyi take aiko min da kayan mijinta in goge, kuma ranar da na ƙona wuyan rigar nan har haƙuri na ba shi. Mai wanki yana iya manta fuska, amma ba ya manta rigar da ya ɓata.

Surukina mai gyaran janareta ne. Aiki yana kai shi garuruwa, wani lokaci ya yi mako uku bai dawo ba. Shekara biyar suna jiran haihuwa, ciki ɗaya ya zube, wannan na biyu yana wata shida. Na tsaya da rigar a hannu, jan biron nan kawai nake gani.

Na same ta a bakin famfo. Na ce, "Sista, rigar da ke cikin zanin nan na san ta."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Riguna suna kama da juna, Baba."

"Ƙunar ba ta kama da ta kowa. 'Yata tana da ciki wata shida."

"Na sani. Ni nake yi mata awo."

"To ki gaya min me yake da shi."

Ta kashe famfo, ta share hannunta tsaf, sannan ta dube ni. "Shekara nawa muna aiki tare, na taɓa gaya maka wanda ya kwanta a kan zani? Ba yau zan fara ba. Abu ɗaya zan gaya maka, kuma game da kowa ne. Akwai mutanen da in suka hango fuskar da suka sani a asibiti, sai su fita ba su ƙara dawowa ba. In na rasa irin wannan mutum, na rasa wanda ke gidansa ma. Ka koma barandar baya, ruwanka ya kusa hucewa."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Amma na koma. Na zauna a bayan zannuwan da na shanya, inda ba mai ganina, har na ji an buɗe ƙofar ɗakin gefe an rufe.

Abin da ya faru a ciki, daga baya surukin nawa ya gaya min da bakinsa. Ya ce da gangan ya zaɓi Laraba, don ya san ba na nan. Ya nuna wa likita miki ɗaya a gabansa. Likitan matashi ne mai ƙoƙari, ga layi har waje a cikin ruwa. Ya duba, ya sa aka tsaga masa yatsa aka gwada jini, ya fito tunjere ne. Ya rubuta allura ya tura shi wurin Sista. Duk wannan daidai ne.

Ya ce tana haɗa allurar tana kallonsa ta gefen ido. Ta ga a ɓangare ɗaya yake zaune. Ta ga in zai haɗiyi yawu sai ya runtse ido. Ta ajiye sirinjin ta ce, "Malam, saura me?"

Ya ce, "Babu, Sista. Ki yi min kawai in tafi, na bar shago a buɗe."

Ta ce, "Allurar ba gudu za ta yi ba." Ta yi shiru.

Ya ce bai taɓa jin shiru mai tsawo irin wannan ba. Ƙarshe ya ce kwana biyar ke nan bayan gida ya zame masa azaba, yana zaton basir ne. Ta sa safar hannu ta taɓa wuyansa da matsematsinsa, ta ji kaluluwa. Ta haska tocila a bakinsa, ta ga ƙurji biyu can ciki. Sannan ta ce ya juya, ta duba inda bai nuna wa kowa ba. Ta rufe shi da zani ta je ta kira likita.

Likita ya ce, "Sista, ai bai yi kama da hoton ba."

Ta ce, "Likita, zo ka gani da idonka. Wancan na gaba ba ya masa zafi. Waɗannan suna da tauri, tsakiyarsu a lotse, kuma ba ya bari a taɓa. Ba iri ɗaya ba ne."

Likitan ya duba, ya daɗe, sannan ya ce, "Kin yi gaskiya." Shi da kansa ya goge ruwan ƙurjin da auduga, aka sa a akwatin sanyi don a kai ɗakin gwaji. Aka gwada shi ƙanjamau da yardarsa, ba a gani ba, aka ce ya sake nan da wata uku. Ta yi masa allurarsa. Rigarsa ta jiƙe ta manne da jiki, shi ya sa ta ba shi ta asibiti, tasa ta haɗa da zani.

A nan ne fa aka yi ta. Ya yarda zai keɓe kansa a ɗakin bayan shagonsa har ƙurajen su bushe su zube. Ya yarda zai gaya wa matarsa ƙyandar biri ce, zai ce a mota ya ɗauka. Zancen tunjeren kuwa ya ce sam.

"Sista, ki rufa min asiri, Allah ya rufa miki."

"Naka a rufe yake, ƙanena. Ba zan gaya mata naka ba. Amma jibi Juma'a ranar awonta ce. Zan nemi ta yarda in sake gwada jininta, in kuma na ga abu zan gaya mata nata. Wannan cutar tana iya zama a jikin mace ba ta jin komai, ta wuce wurin ɗan da ke ciki. In an yi allura da wuri, ana tare ta. In an jira ka warke ka sami ƙarfin hali, ba na ce ba."

Ya ce, "In na hana ta zuwa fa?"

Ta ce, "Kana iyawa, ba ni da ɗan sanda. Amma ku ne kuke jira shekara biyar, ba ni ba."

Ranar Alhamis Auta ta zo gidanmu da jakarta. Ta ce maigidan ya kamu da ƙyandar biri, an ce su rabu da wurin kwana, ita kuma a riƙa duba ta har kwana ashirin da ɗaya. Uwarta ta shiga salati tana shimfiɗa mata katifa. Can Auta ta ce, "Ya ma bugo waya ya ce in bar awon gobe, wai hanya ta yi taɓo, in bari sai ya warke ya kai ni."

Ban san komai ba, rigar kawai na gani. Na ce, "Ba a fashin awo. Ni zan raka ki."

Uwar yaran ta dube ni ta ce, "Ikon Allah. Malam, yaushe ka zama ungozoma? Ni na haifa maka shida, ko ƙofar asibiti ba ka taɓa raka ni ba."

Na ce, "To yau na tuba."

Da safe muka isa, ina riƙe mata da lema. A can ƙarshen fili, ƙarƙashin bishiya, na hango mutum tsaye da riga mai dogon hannu da takunkumi a fuska. Shi ne. Ashe jiya sau uku Sista ta buga masa waya. Ba ta ambaci matarsa ba ko sau ɗaya. Tana tambayar zafin ne, ko ya iya cin abinci, ko ya zauna a ruwan ɗumi yadda ta ce. In ya gama amsawa sai ta ce saura me, ta yi shiru. Ya ce a na ukun ne ya kasa riƙe kansa, ya yarda zai zo ya gaya wa Auta da bakinsa.

Sista ta fito ta ɗauki kujeru biyu ta kai barandar baya, tsakanin zannuwana, ta ajiye su nesa da juna. Ta ɗauko ta uku ta sa a tsakiya. Sannan ta juyo gare ni.

"Baba, je ka sayo gawayi."

"Akwai gawayi, buhu guda."

"Ƙaro."

Na tafi. Na sayi gawayin, na zauna wurin mai sayarwa muna zancen ruwan bana har hirar ta ƙare mana. Da na dawo na tarar da Auta a kan benci, auduga a yatsarta, idonta a bushe ƙamas. Ta miƙe tana takawa a hankali saboda allura. A hanya ta riƙe hannuna, abin da rabonta da yi tun tana ƙarama.

An sami tunjeren a jininta. Allura uku aka yi mata, mako-mako. Bayan kwana biyar gwajin mijin ya dawo, ƙyandar biri ce kamar yadda Sista ta zata. Duk bayan kwana biyu ko uku sai ta biyo ta gidanmu in ta tashi daga aiki, tana jan ƙafar nan, ta haska bakin Auta, ta duba tafin hannunta, ta taɓa wuyanta. Uwar yaran ta kawo mata shayi, ta sha a tsaye. Har kwana ashirin da ɗayan suka cika, ko ƙurji ɗaya bai fito ba.

Shi kuwa sai da ya kusan wata kafin ɓawon ya zube sabuwar fata ta fito. Ranar da aka sallame shi ya zo ya durƙusa a gabana a barandar baya, kansa a ƙasa, ya gaya min duk abin da na rubuta a nan. Na bar shi ya gama. Ina da maganganu da yawa da na tanada, amma na ga an riga an gaya masa waɗanda suka fi nawa. Na shiga na ɗauko rigar, wankakkiya, gogaggiya, na miƙa masa.

Ranar da Auta ta haihu da hantsi, Sista ce ta karɓa. Mace ce. Ina zaune a waje ina jin kukanta, amma ba a fito ba. Mai shara ta leƙa ta dawo ta ce, "Tana can tana juya yarinyar kamar mai sayen kaza, har tsakanin yatsun ƙafa." Sun ɗebi jinin jaririyar ma, don a ci gaba da bibiya. Can Sista ta fito tana cire safar hannu. Ta ce, "Baba, na duba jikarka."

Na ce, "Saura me?"

Ta ce, "Saura ka je ka wanke min zannuwa biyu. Ba ƙulli."

Auta ta zauna a gidanmu har yarinyar ta fara zama, sannan ta koma ɗakinta don ra'ayin kanta. Abin da ke tsakaninsu nasu ne, ba na shiga. Na dai san duk gwajin da aka ce su sake, tare suka je.

Na taɓa tsayar da Sista don in yi mata godiya a kan ranar Larabar nan. Ta ce, "Wace Laraba? Ni ban san zancen da kake yi ba." Har yau ba ta taɓa amsa cewa rigar tasa ce ba. Ko wannan rubutun sai da Auta da mijinta suka ce in yi, na yi.

Ni na ajiye aiki bara, gwiwa ta ƙi. Wanda ya karɓe ni na koya masa ƙullin tun ranar farko. Jikata tana shekara biyu da rabi, ta fi kowa surutu a gidan. Sista Saura-Me tana nan a ɗakin allura na wannan asibiti, yanzu tana sa tabarau, littafinta na uku ya kai rabi, kuma saura shekara huɗu ta yi ritaya.